Tambayar Gimbiya Elizabet: ta yaya abin da ba jiki ba yake ɗaga hannu?

Nura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Zan fara da faɗin matsayata a fili, don mai saɓani ya san inda zai kama ni. Duk wanda ya ji sunan Dekart, masanin falsafar nan Bafaranshe, abin da ya riƙe shi ne "ina tunani, saboda haka akwai ni". Ni a ganina ba ita ce magana mafi nauyi da aka yi a falsafar ƙarni na 17 ba. Mafi nauyi ita ce tambayar da Gimbiya Elizabet ta Bohemiya ta aika masa a wasiƙa cikin watan Mayun 1643, tana 'yar shekara 24, suna zaman gudun hijira a Holan bayan mahaifinta ya rasa sarauta.

A littafinsa na 1641 Dekart ya raba mutum gida biyu. Jiki abu ne mai tsawo da faɗi da kauri, ba ya tunani. Rai kuwa abu ne mai tunani, ba shi da tsawo ba shi da faɗi, ba ya cin wuri. Sai Elizabet ta ce masa to madalla, amma abu yana motsa wani abu ne ta hanyar tura shi, turawa kuma sai da taɓawa, taɓawa kuma sai da jiki. Shi wannan rai da ka ce ba shi da ko gefe, da me yake tura jiki har mutum ya ɗaga hannu idan ya ga dama?

Dekart ya rasu a Istokholm ta ƙasar Suwidin a watan Fabrairun 1650 bai ba ta amsa mai gamsarwa ba. Kuma ina da'awar cewa Malbaransh da Sipinoza da Laibniz, masana falsafar da suka biyo bayansa, kowannensu ya gina ɗakinsa ne a kan ramin da wannan tambaya ta tona.

Sadiya:
Wa alaikumus salam Yaya Nura. Ban yarda cewa bai amsa ba. Ya amsa sau biyu, ranar 21 ga Mayu da ranar 28 ga Yuni na shekarar. Ya ce mata akwai tushen fahimta guda uku da ba a mayar da ɗaya cikin ɗaya: na rai, na jiki, da na haɗuwarsu. Matsalar a wurinsa ita ce ana so a fahimci yadda rai ke motsa jiki da ma'aunin yadda dutse ke ture dutse. Wannan amsa ce. Kana iya cewa ba ta yi maka ba, amma ba shiru ya yi ba.

Nura:
Sadiya, ki duba misalin da ya kawo a wasiƙar farko. Ya ce ta yi tunanin nauyi, yadda mutane ke ɗauka cewa nauyi wani abu ne da ke jan dutse ƙasa ba tare da ya taɓa shi ba. Alhali shi da kansa bai yarda da akwai irin wannan nauyi ba, yana ganin kuskuren malaman da ne. Elizabet ta kama shi a nan take. Ta ce ta yaya abin da kai ma ka ce ƙarya ne zai fahimtar da ni gaskiya? Ta ƙara da cewa ya fi mata sauƙi ta yarda rai yana da jiki da ta yarda abin da ba jiki ba yana motsa jiki.

A wasiƙa ta biyu kuma ya ce haɗuwar rai da jiki ba da zurfafa tunani ake gane ta ba, da zaman yau da kullum da hira da mutane ake gane ta. Mutumin da ya ce kada mu karɓi komai sai abin da hankali ya gani sarai, shi ne da aka zo kan abin da ya fi kusa da mu ya ce a rage tunani.

Ɗanlami:
Ku dai kuna ta wahala a kan Bature. Kowa ya san Dekart wurin Imamu Gazali ya kwashe wannan shakkar tasa ta tuhumar komai, bai ko ambaci sunansa ba.

Isufu Damagaram:
Ɗan'uwa Ɗanlami, mu a Nijar ajin ƙarshe na sakandare ake fara koya mana falsafa, Dekart kuwa da Faransanci muke karanta shi, wannan zargi kuma mun sha jin sa. Kamar da ke tsakaninsu gaskiya ce, ba mai musu. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya faɗa a littafinsa Munƙiz cewa ya fara tuhumar ido: kana kallon inuwa kamar a tsaye take alhali tana tafiya, kana ganin tauraro kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Sai ya koma ga hankali, irin goma ta fi uku. Sai ya ce to wa ya sani ko akwai wani alƙali bayan hankali da zai ƙaryata shi, kamar yadda farkawa ke ƙaryata mafarki? Dekart ma ido ya fara tuhuma, sai mafarki, sai ya ƙaddara wani mugun mayaudari mai iko da zai iya ruɗinsa ko a kan biyu da uku biyar ne.

Amma kama daban, sata daban. Munƙiz ba ya cikin littattafan da aka mayar Latin a tsakiyar zamani, sai a 1842 aka buga shi da fassarar Faransanci, kusan shekara 200 bayan rasuwar Dekart. Wanda aka tabbatar ya shiga hannun malaman Turai tun ƙarni na 12 shi ne littafin Ibn Sina a kan rai, da aka fassara a Toledo ta ƙasar Sifen, kuma a cikinsa ne akwai misalin mutumin da aka halitta a cikin iska, idonsa a rufe, gaɓɓansa a wawware ba sa taɓa juna, amma duk da haka ya san yana nan. Sannan tun Dekart yana raye Arno, wani malamin addini Bafaranshe, ya nuna masa cewa Agustin, babban malamin Kirista na da, ya riga shi da makamanciyar maganarsa. Idan za mu nemi haƙƙin malamanmu, mu nema da hujjar da za ta tsaya.

Malam Habibu:
Allah ya yi maka albarka Isufu. Ni abin da ya fi damuna a zancen satar shi ne yana rufe bambancin da ya fi kamannin muhimmanci. Imamu ya ce ya yi kusan wata biyu cikin wannan hali, kuma bai fita da shirya hujja ba, ya fita da wani haske da Allah ya jefa masa a ƙirji. Me ya sa ya faɗi haka? Domin ya gane cewa duk hujjar da za ka kawo don wanke hankali, da hankalin za ka gina ta. Wanda ake tuhuma ba ya zama shaidar kansa. Dekart kuwa ya ce zai fita da hujja: ya tabbatar da samuwar Allah da hankali, sannan ya ce tunda Allah ba ya yaudara, hankali abin dogaro ne. Ku duba da kyau, ya zagayo inda ya tashi.

Sadiya:
Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce tuhumar da Arno ya yi masa, kuma an buga ta tare da littafin a 1641, domin Dekart da kansa ya sa abokinsa Mersen ya rarraba rubutun ga masu suka kafin a buga. Masana falsafa Hobs da Gasandi duk sun rubuta nasu sukar. Amsarsa ita ce: a lokacin da kake kallon hujja a fili, ba ka iya shakkarta ko ka so. Tabbacin Allah ana bukatarsa ne don abin da ka tabbatar jiya, yau kuma kana tuna sakamakon kawai ba ka kallon matakan. Ni wannan amsa tana da ƙarfi a wurina. Gwada shakkar samuwarka a daidai lokacin da kake shakkar, ka ga ko za ta yiwu.

Malam Habibu:
'Yata, rashin iya shakka hali ne na mai tunani, ba hujja ba ce a kan abin da ake tunani. Mai mafarki ma ba ya iya shakkar mafarkinsa yana ciki. Na ba ki samuwar mai shakka, wannan ba gardama. Abin da ban ba ki ba shi ne tsallakawa daga nan zuwa duniya gaba ɗaya.

Nura:
Malam, ka ba ni dama in dawo da mu kan Elizabet, don akwai wurin da maganarta ke haɗuwa da karatunku na zaure. Malbaransh, limamin coci ne a Faris, an haife shi a 1638. Ya karɓi rabon da Dekart ya yi, ya kuma yarda rai ba ya iya tura jiki. Sai ya ce to ai jiki ma ba ya tura jiki. Sababi na gaskiya shi ne wanda hankali ke ganin dole abin da ya haifar ya biyo shi, wannan dolen kuwa ba a samunta sai tsakanin nufin Allah da abin da ya nufa. Idan na yi niyyar ɗaga hannu, niyyata lokaci ce kawai, Allah ne ke ɗaga hannun. Har ya ce ba ka ma san waɗanne jijiyoyi ake ja ba, ta yaya za ka ce kai ka ja su?

Malam Habibu:
Wannan kam mun san ta tun muna yara. A littattafan tauhidi na Shehu Sanusi an raba hukunci uku: na shari'a, na al'ada, da na hankali. Ƙonawar wuta hukuncin al'ada ne, an ga tana maimaituwa, amma hankali bai wajabta ta ba. Imamu Gazali a littafinsa Tahafut ya kawo misalin wuta da auduga, ya ce abin da ido ya gani shi ne ƙuna ta auku a lokacin haɗuwa, bai ga cewa wutar ce ta aikata ba. Saboda haka a wurina tambayar gimbiyar ba ta fi tambayar wuta da auduga wuya ba. Dukkansu amsarsu ɗaya. Batun haƙiƙanin ruhi kuwa, aya ta 85 a Suratul Isra'i ta gaya mana iyakarmu.

Isufu Damagaram:
Ranka ya daɗe Malam, Laibniz ya ƙi amsar Malbaransh, kuma shi ma mai imani da Allah ne. Ya ce idan duk ɗaga hannu sai an jingina shi ga Allah kai tsaye, to an mayar da duniya mu'ujiza marar yankewa, halitta kuma ba ta da wani aiki nata. Shi sai ya kawo agogo biyu da gwanin maƙeri ya saita tun farko, suna bugawa tare ba tare da ɗaya ya taɓa ɗaya ba. Rai na bin dokarsa, jiki na bin tasa, Allah ya daidaita su tun ranar halitta. Ni dai ban iya haɗiye wannan ba. Yana nufin idan ƙaya ta soke ni, ba ƙayar ce ta jawo zafin ba, zafin yana cikin jadawalin raina ne tun asali.

Hajiya Rabi:
Ina ta karantawa ban sa baki ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin tiyata nake aiki, kuma abin da nake gani kullum ya sa nake bayan Elizabet. Ana yi wa mutum allurar barci ta jijiya, kafin minti ɗaya ya cika ya tafi. A yanka shi, a ɗinke, ya farka yana tambaya ko an fara. Ba mafarki, ba sanin wucewar lokaci. Dekart ya ce tunani shi ne ainihin rai, rai ba ya daina tunani. To a wannan awa biyun ina tunanin ya shiga? Kuma ta yaya ruwan magani a sirinji ya isa ga abin da ba ya cin wuri?

Nura:
Hajiya, kin faɗi abin da ta faɗa. A wasiƙarta ta watan Yuni ta tambaye shi yadda rai mai zaman kansa zai rasa iya tunani saboda wani tururi da ya taso a jiki, irin na mai suma.

Sadiya:
Hajiya, Dekart zai ce tunanin yana nan, ajiyarsa ce ba a yi ba, domin tunawa tana bukatar alama a ƙwaƙwalwa, maganin kuma ƙwaƙwalwar ya kama. Wannan amsar ya ba Gasandi a kan jariri a ciki da mai dogon suma.

Hajiya Rabi:
Ƙanwata, tunanin da mai shi bai sani ba lokacin da yake yi, bai kuma tuna ba bayan ya farka, wa ya shaida shi? Ba Dekart ne ya ce tunani shi ne abin da muke sane da shi ba? Lok ma, masanin falsafar Ingila, ai a nan ya kama mabiyan Dekart, ya ce ba a tabbatar da cewa rai kullum yana tunani sai da gani, ganin kuwa bai nuna haka ba.

Nura:
Shi ya sa nake ganin Sipinoza ya fi su ƙarfin hali. Bayahude ne ɗan Amstadam, jama'arsa suka kore shi a 1656 yana ɗan shekara 23, ya rayu da sana'ar goge gilashin hangen nesa, babban littafinsa bai fito ba sai bayan rasuwarsa a 1677. A cikinsa ya soki Dekart a kan 'yar ƙwayar nan ta tsakiyar ƙwaƙwalwa da Dekart ya ce nan ne rai ke juya iskar jijiyoyi, wadda ya zaɓa don ita kaɗai ya gani ba ta da tagwai. Sipinoza ya ce wannan ya fi duk abin da Dekart ya zargi malaman da da shi duhu. A wurinsa rai da jiki abu ɗaya ne da ake fahimta ta fuska biyu. Niyyar ɗaga hannu da motsin jijiya aukuwa ɗaya ce, saboda haka babu mai tura wani. Allurar Hajiya ba ta tsallaka wata gada ba, don babu kogi.

Malam Habibu:
Nura, ka faɗi kuɗin da ya biya kafin ya sayi wannan amsa. Ya ce samamme mai zaman kansa ɗaya ne tak, ya kira shi Allah ko ɗabi'a, mu duka yanayi ne a cikinsa. Ya kore bambancin Mahalicci da halitta, ya kore zaɓi. Ba shi ne ya ce da dutsen da aka jefa yana da tunani, da ya ɗauka da son ransa yake tafiya ba? Wannan ba zan bi shi ba ko taku ɗaya. Idan babu zaɓi, umarni da hani a kan wa?

Nura:
Gaskiya ne Malam, kuɗin da yawa, ni ma ban ce na saya ba. Abin da nake nunawa shi ne girman tambayar: mutum uku masu kaifin basira, ɗaya ya cire sababi daga halitta, ɗaya ya cire taɓawa tsakanin rai da jiki, ɗaya ya cire zaɓi, duk don su tsere mata.

Abdulrazak Kumasi:
Salamu alaikum daga zongo. Akwai mutumin ƙasarmu da ya shiga wannan gardama da kansa, ba a cika ambatonsa ba. Anton Wilhelm Amo, an haife shi kusa da Axim a gaɓar tekun Gana ta yau, aka kai shi Turai yana ƙaramin yaro, ya tashi a gidan sarautar Wolfenbutel a Jamus, inda Laibniz ya riƙe ɗakin karatu. Ya yi karatu a Halle, a 1734 kuma ya kare kundin digirinsa a Witenbag. Batun kundin shi ne rai ba ya ji. Ya yarda da Dekart cewa rai ba jiki ba ne, amma ya ce Dekart ya saɓa wa kansa da ya jingina ji ga rai. Ji karɓar tasiri ne, abin da ake taɓawa shi ke karɓa, saboda haka ji na jiki mai rai ne, aikin ruhi kuwa sani ne da fahimta. Ya koyar a Halle da Yena, daga baya ya komo gida. Hajiya, ina jin wannan ya fi kusa da abin da kike gani: maganin ya kashe ji, ji kuwa dama na jiki ne.

Hajiya Rabi:
Na gode Malam Abdulrazak, zan so in karanta shi. Amma ka lura, allurar da nake magana ba ji kaɗai take ɗaukewa ba. Akwai wadda ake yi a baya, mace tana haihuwa ta tiyata idonta biyu, tana hira da mu, ƙasanta ba ya jin komai. Wannan ta dace da Amo. Ta barcin kuwa har sanin take ɗaukewa. Kuma idan ruhi ba ya karɓar tasiri, ta yaya ya san jiki ya ji zafi? Tambayar ta dawo ta ɗaya ƙofar.

Sadiya:
To Hajiya, ni ma ga tawa, daga Laibniz, a rubutunsa na 1714. Ya ce a ƙaddara an ƙera na'ura mai tunani da ji, a faɗaɗa ta har mutum ya shiga ciki kamar yadda ake shiga gidan niƙa. Me zai gani? Ƙarafa suna tura juna, shi ke nan. Ba zai taɓa ganin abin da zai bayyana masa ji ba. Kuma wannan mutum ne da ya ƙirƙiro na'urar lissafi, ba baƙon inji ba ne. Yau an san ƙwaƙwalwa fiye da zamaninsa nesa ba kusa ba, an san siginar lantarki da sinadaran da ke tsallaka tsakanin ƙwayoyin jijiya. Amma ki shiga ciki ki zagaya, ina zafin yake? Kin nuna min jiki yana kashe sani. Ba ki nuna min yadda jiki yake haifar da shi ba.

Ɗanlami:
Wato har yau ba a warware ba kenan. To ina amfanin shekara ɗari uku da wani abu?

Isufu Damagaram:
An warware wasu, Ɗanlami. 'Yar ƙwayar da Dekart ya ce mazaunin rai ce, yanzu an san sinadarin melatonin take fitarwa, mai daidaita barci. Jijiyoyi ba bututun iska ba ne. Maganarsa cewa dabbobi injina ne marasa ji, kusan ba mai riƙe da ita yau. Abin da ya rage shi ne na Sadiya.

Hajiya Rabi:
Sadiya, akwai abin da zan ba ki. Bayan tiyata muna da na'urar bugun zuciya, da ta hawan jini, da ta iskar da ke cikin jini, amma idan muna son sanin zafin da mutum ke ji, tambayarsa muke yi: daga sifili zuwa 10, nawa ne? Babu na'urar da ta maye wannan tambaya. Mutum biyu, aiki iri ɗaya, ɗaya ya ce 3, ɗaya ya ce 8, kuma maganar mai ciwon muke rubutawa.

Sadiya:
To ai nan Dekart yake tsaye, Hajiya. Akwai abin da mai shi kaɗai ke da ƙofar shigarsa.

Hajiya Rabi:
A'a ƙanwata, ban kai can ba. Na yarda shi kaɗai ya san lambar. Amma idan ya ce 8 na ba shi magani, bayan rabin awa na dawo ya ce 3. Ƙofa ɗaya ce ta sani, na yarda, sai dai maganina ya shiga ɗakin ba ta wannan ƙofar ba. Daga "ni kaɗai na san shi" zuwa "ba jiki ba ne" akwai taku guda da ban ga Dekart ya nuna yadda ya yi shi ba, kuma shi nake so ki nuna min.